Hancin Thangavelu

A Haputale, inda gajimare ke saukowa ya kwana bisa rufin kwano,
akwai masana'antar shayi mai hawa uku,
katakonta na kuka in an taka.
Nan aka kawo ni, takardar digiri a jaka,
da na'urar awon danshi mai ƙara kamar gyare.
Aka ce: ke za ki gaji tsohon can,
kwana arba'in suka rage masa.

Thangavelu bai ko dube ni ba.
Ya cusa hannu cikin ganyen da aka baza yana shan iska,
ya damƙo, ya matse, ya saki,
ya kai hanci, ya lumshe ido
kamar mai jiyo sallama daga nesa.
"Da saura," ya ce.
Na'urata ta ce ya yi.
Na bi na'ura, ai ita aka saya da kuɗi.

Shayin ranar ya fito da ɗacin saiwa.
Manaja Ranasinghe ya kurɓa, ya tofar ta taga,
bai ce da ni uffan ba.
Da ma mari ya yi.

Dare na biyu na tuɓe girman kai tare da takalmi a bakin ƙofa.
Na ce, Baba, koya mini.
Ya yi dariya da haƙoransa huɗu:
"Abin ba a baki yake ba, yarinya, ga shi nan."
Ya buɗe tafin hannu, duk kanta.
"Shekara talatin da takwas ana tambayata
awa nawa na yi, kilo nawa na auna.
Me na sani? Ba wanda ya taɓa tambaya."

Muka shiga raba dare.
Kara in ya lanƙwasa bai karye ba, ya kusa.
Ganye in ka dunƙula ya ƙi warwarewa, ya zo.
Ƙamshin kuwa, ya ce, kamar tuffa da aka yanka jiya
aka manta a aljihu.
Na rubuta a littafi mai shuɗin bango,
har da aljihun.

Wata rana ya leƙo fuskar kwamfutata:
"Wannan macijin me yake faɗa?"
Na nuna masa inda layi ke hawa, inda yake sauka.
Kwana uku yana kallo, yana tauna goron ƙasarsu,
sai ya ce: "Abarki ba maƙaryaciya ba ce.
An rataye ta jikin taga,
ruwan sama take aunawa, ba ganye ba."
Muka cire ƙusa, muka matsar da ita taku bakwai.
Tun ranar hanci da na'ura suka daina musu.

A gwanjon Colombo farashinmu ya tashi.
Aka yi taro, aka tafa wa injin da ya zo daga ƙetare.
Thangavelu ya samu agogon bango da shan hannu,
ya hau motar safe ya gangara,
agogon a cinyarsa kamar jariri.

Littafin bai tafi ba.
Valliammai ta ɗakin murza ta ƙara shafi shida:
yadda bel ke tari kafin ya tsinke.
Mai hura wuta ba ya rubutu, ya faɗa, na rubuta.
Shi kansa manaja na kama shi yana karantawa a tsaye,
ya ce gilashinsa yake nema.

Jiya aka kawo wani yaro, Senthuran,
takarda a jaka, sabuwar na'ura a hannu.
Na ce, riƙe abarka, za ta yi mana rana.
Amma ɗaya hannun, miƙo shi nan.
Ya damƙo ganye, ya shinshina, ya yamutsa fuska:
"Ni ciyawa kawai nake ji."

Na ce, da saura.